Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan awakinmu

Assalamu alaikum jama'ar Bolari da sauran 'yan uwa na Gombe. Alhamdu lillahi, jiya likita ya gwada jinin awakina uku, ya ce ya koma daskarewa yadda ya kamata. Shi ne na ce ba zan kwana ban yi godiya ba.

Sakacin daga wurina yake. Da muka shigo da masara da wake, ɓeraye suka addabe mu, sai na sayo maganin ɓera mai ƙwaya-ƙwaya na cuɗa da dusa, na ajiye a bayan buhuna. Aka bar ƙofar sito a buɗe, awaki huɗu suka shiga suka lashe kwanon tas. Muka ɗura musu manja kamar yadda aka saba. Kwana uku suna cin abincinsu lafiya lau, har na saki jiki. Ran na huɗu da asuba na tarar ƙaramar ta mutu, jar akuyata kuwa tana kwance tana numfashi da kyar, jini na ɗiga ta hancinta. Na ɗaga leɓenta, dasashin fari fat kamar an shafa alli.

Godiyata ta farko ga maƙwabcina. Ana ta cewa a yanka kafin ta zama mushe, shi ya tsaya ya ce, "Hajiya, a bari likita ya gani tukuna," ya kira mana likitan dabbobi da wayarsa. Ashe gubar a hanta take zama ta daɗe, da mun yanka da mun ci.

Likita, Allah ya saka maka da alheri. Kafin ka taɓa akuyar, ledar maganin ka nema, ɗana ya tono ta daga bola, ka karanta brodifacoum a jikinta. Ka zauna a kan turmi ka yi mini bayani dalla-dalla: wannan guba tana hana hanta sake amfani da bitamin K, wanda da shi ake haɗa sinadaran da ke daskarar da jini. Sai waɗanda ke cikin jiki sun ƙare sannan ciwon ke bayyana, shi ya sa kwanakin farko suka yaudare mu. Manja ba ya karya ta.

Ƙanena, na gode. Ka zagaya kemis-kemis a cikin rana, aka ba ka bitamin K3, likita ya ce a mayar, bitamin K1 kaɗai ke wannan aikin. Ba ka yi ƙorafi ba, ka sake hawa babur har ka samo. Aka yi musu allurar a ƙarƙashin fata da siririn tsinke, aka ce sai an yi sa'o'i kafin ta fara aiki, kuma kada su yi tsalle ko karo. Daren nan ni da Inna muka kwana a garke da fitila, tana jan carbi, hannuna a kan haƙarƙarin akuyar.

Mako huɗu aka yi ana ba su maganin. A mako na biyu da na ga sun miƙe na so a tsaya saboda kuɗi, likita ya ƙi, ya ce irin wannan gubar tana makonni a jiki, jinin zai iya dawowa. Matan adashenmu, ku kuka ba ni ɗauka alhali ba layina ba ne. Allah ya raya muku zuri'a, ya yalwata muku.

Yanzu haka jar akuyar tana bakin turke tana fizgar harawa, sito kuma na sa masa kwaɗo, na koma ɗana tarko.