Kafin ka sa wa na'urar CCTV ɗinka SSD, yi wannan lissafin

Na'urar naɗar bidiyon tsaro ba ta hutawa. Dare da rana tana rubutu, idan ma'ajiya ta cika sai ta goge tsoho ta ɗora sabo. Shi kuwa SSD, wato ma'ajiyar bayanai marar faifai mai juyawa, rubutu ne ke cinye shi, domin kowane ƙwayar ajiya da ke cikinsa yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake cikawa. Shi ya sa lambar da za ka fara nema a takardar kayan ita ce TBW, wato jimillar terabayit ɗin da kamfani ya lamunce a rubuta. Saurin da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali kada ya ruɗe ka, kyamara ba ta buƙatarsa.

Kyamara ɗaya mai turo megabit 4 a daƙiƙa tana rubuta kusan GB 43 a yini. Idan takwas ne, GB 345 ke nan kullum, kimanin TB 126 a shekara. Samsung 870 EVO mai TB 1 an ba shi TBW 600, zai yi kusan shekara biyar. Ɗan'uwansa 870 QVO mai girma ɗaya 360 gare shi, ba zai kai shekara uku ba. Dalili shi ne QVO nau'in QLC ne, ana cusa bit (mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai) huɗu a ƙwaya ɗaya, EVO kuwa TLC ne mai uku. A ganina, QLC ba shi da gurbi a wannan aiki komai arharsa. Ninka girma yana ninka juriya: EVO mai TB 2 yana da TBW 1,200. Dama TB 1 bidiyon kwana uku ma ba zai riƙe wa kyamara takwas ba.

Sai matsalar ɗauke wuta, wadda a wajenmu ta fi ƙarewar TBW saurin kashe kaya. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, taswirar da SSD ke gane inda ya ajiye kowane abu tana iya lalacewa, ka kunna na'ura ta ce ba ta ga komai ba. SSD irin na manyan sabobi, wato kwamfutocin cibiyoyin adana bayanai, kamar Samsung PM893 ko Micron 5400, suna da ƙananan kafasito da ke riƙe caji har a ƙarasa rubutun. Wanda bai iya sayensu ba, lalle ya haɗa na'urar da UPS ko inbata, musamman inda ake yawan sauyawa zuwa janareta.

Zafi ma yana gajarta masa kwana. Yawancinsu digiri 70 ne iyakarsu, kuma akwatin ƙarfe a rufe a watan Afrilu ba wasa ba ne. A bar wa iska hanya, a kuma riƙa kakkaɓe ƙurar fanka.

Ana iya rage rubutun tun daga kyamara: tsarin matse bidiyo na H.265 yana iya rage nauyin bidiyo kusan rabi a kan tsohon tsari H.264, naɗa sai an ga motsi kuma ya fi haka ragewa. Idan na'urar ta yarda, a bar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari fanko, domin da yawan na'urorin naɗa ba sa aika umarnin TRIM, wanda ke sanar da SSD wuraren da aka goge. Kyamara mai cin katin memori kuwa, a nemo mata wanda aka yi don naɗa ba tsayawa, irin SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance.

Mai son ajiye bidiyon wata guda, faifai mai juyawa irin WD Purple ko Seagate SkyHawk ya fi masa sauƙin kuɗi har gobe. SSD ya fi dacewa da mota, wurin girgiza, ko inda ake dogaro da sola. Idan ka sa shi, duk bayan wata uku ka duba bayanan SMART, wato rahoton lafiyarsa, da manhajar CrystalDiskInfo ko smartctl, ka sauya shi da zarar lafiyarsa ta sauko zuwa kashi 20 cikin ɗari.