Yadda na daina cusa wa ɗalibaina jam'in Turanci da hadda

A shekarata ta biyu da fara koyar da Turanci a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, a wata makarantar gwamnati da ke Zariya, na kwashe mako biyu ina cika allo da jeri: man men, foot feet, child children, mouse mice, sheep sheep. In na karanta su amsa da ƙarfi, har ajin da ke maƙwabtaka da mu yana jin mu. Da na yi gwaji na kwaso takardu gida, sai ga foots, ga childs, ga sheeps, wasu ma sun haɗa biyun sun rubuta childrens da mens. Na yi ta jan biro har hannuna ya gaji.

Ranar da na raba takardun, wata yarinya da ke zama a bencin gaba ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, don Allah, ba ku ne kuka ce in abu ya wuce ɗaya a ƙara masa s ba? To me ya sa aka kashe mini foots?" Na ce mata haka Turawa suke faɗa. Ta yi shiru ta zauna. Amsar nan ta tsaya mini a rai, domin ita aka ba ni ina yaro, kuma na san ba ta gamsar da ni ba a lokacin.

A ƙarshen makon ina zaune a ƙofar gida da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara uku da wani abu, sai ga Bafulatani ya koro garke. Yaron ya miƙe yana nunawa: "Kawu, kawu, ga saniyoyi!" Uwarsa ta leƙo daga zaure tana dariya ta ce, "Shanu ake cewa." Ni kuwa jikina ya yi sanyi. Babu wanda ya taɓa cewa saniyoyi a gabansa. Ya ji taga da tagogi, ya ji mota da motoci, sai ya ƙera tasa kalmar a kan wannan ma'auni. Ashe abin da ɗalibata ta yi ke nan da foots. Daga baya na karanta cewa a 1958 wata mai nazarin harshe a Amurka, Jean Berko, ta nuna wa ƙananan yara zanen wata halitta da ta ƙirƙira ta raɗa mata suna wug, ta ƙara ta biyu ta tambaye su, suka ce wugs. Yaro ƙa'ida yake kamawa, sannan ya koyi wuraren da ƙa'idar ba ta shiga.

Sai na koma tarihin harshen, na tarar kalmomin da nake kira marasa tsari kowace da danginta. Foot, tooth, goose, mouse, louse, man da woman gida ɗaya ne. Tun kafin a fara rubuta Turanci, jam'in irin waɗannan kalmomi yana ƙarewa da ɗafi, wato ɗan ƙarin da ake liƙa wa kalma, mai wasalin i. Wasalin nan ya yi naso a kan wasalin tsakiyar kalmar ya sauya shi, daga baya ɗafin ya faɗi, sauyin ya zauna. Har book ma 'yar gidan ce a da: tilo boc, jam'i bec, kafin s ta cinye ta. Ox da oxen ragowar wani gida ne mai ɗafin en, wanda a da ya haɗa da ido da takalmi, ana cewa eyen da shoon. William Caxton, wanda ya kai injin buga littafi Ingila a 1476, ya ba da labari a 1490 na wani ɗan kasuwa da ya nemi egges wajen wata mata, ta ce ita ba ta jin Faransanci. Ransa ya ɓaci, don shi ma bai iya ba, sai da wani ya ce eyren sannan ta gane ƙwai ake so. Su kansu Turawan sun daɗe suna jayayya a kan abin da nake sa wa yara jan biro a kai.

Ranar Litinin ban rubuta Turanci ko ɗaya a allo ba da farko. Na rubuta tunkiya, akuya, saniya, doki, mace, zuciya, na ce a ba ni jam'insu. Aji ya kaure: tumaki, awaki, shanu, dawaki, mata, zukata! Na ce, wa ya sa ku haddar wannan? Suka ce babu. Na ce to Baturen da ya zo koyon Hausa, in ya ga tunkiya ta koma tumaki, me zai ce? Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, kuka zai yi." Daga nan na tsaga allo gida-gida, muka riƙa shigar da kalmomin Turanci kowace ɗakinta.

Children ce ta fi mini daɗi. A tsohon Turanci cild ce, jam'inta cildru, daga baya aka ɗora en a kan jam'in da ya riga ya cika. Na tambaye su jam'in mace, suka ce mata. Na ce, mataye fa? Nan take suka gane: jam'i ne a kan jam'i. Na ce to children ta riga ta ɗauki kaya biyu, kada wanda ya ƙara mata na uku. Childrens ta yi wuyar gani a ajin daga ranar.

Gidan knife da knives, leaf da leaves, wolf da wolves ya zo da tasa matsalar, domin mu Hausawa ba mu da sautin v, yawancin yaran b suke furtawa. Sai da muka ɓata darasi guda haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Dalilin sauyin shi ne a tsohon Turanci f in ta faɗa tsakanin wasula biyu, ko tsakanin l da wasali, v ake furta ta. Chief kuwa daga Faransanci ta shigo bayan mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066, ta zauna da chiefs abinta, kamar yadda baƙuwar kalma irin kwamfuta ta zo Hausa ta bi hanyar da ta fi yawan jama'a ta zama kwamfutoci. Women ma sai da kunne: a rubuce ƙarshenta ne ya sauya, amma a baki farkonta ne, wimin.

Ba ko'ina dabarar ta ci ba. Sheep da deer, waɗanda jam'insu bai da ɗafi tun asali, sun ci gaba da ba mu wahala, kuma ina ganin Hausa ce ta ƙara rikita abin, tunda mu muna iya cewa akuya biyu ko mutum uku ba tare da jam'i ba. Wasu yaran da suka ji two sheep daidai ne sai suka fara rubuta two goat. Na yi gaggawa kuma da na shigo da na Latin da Girkanci, irin criterion da criteria, analysis da analyses, bacterium da bacteria. Yaron da bai taɓa cin karo da kalma a karatu ba, jam'inta ba ya zama a kansa. A shekarar da ta biyo na bar su sai aji uku, lokacin da suka fara ganinsu a darasin kimiyya. Su furnitures, equipments da informations kuwa, waɗanda yaran ke gani a allunan shaguna a kan hanyarsu ta zuwa makaranta, yaƙinsu daban ne, kuma har yau ina cikinsa, don masu gyaran jarrabawar WAEC da NECO ba sa ɗaga ƙafa a kansu.

Kusa da ƙarshen zangon, yarinyar nan ta bencin gaba ta tare ni a baranda da littafinta a hannu. An fara kai su ɗakin kwamfuta. Ta ce, "Malam, mouse ɗin kwamfuta fa, in sun yi yawa? Shi ma mice ne, ko kuwa baƙo ne, s za a ba shi?" Na ce mata duka biyun ana faɗa, mice da mouses, ƙamus ma ya karɓi kowanne. Ta jingina littafin da bango, ta rubuta shi a gidan foot da feet, ta sake rubuta shi a gidan s, ta ja layi ta haɗa su.