Takin ƙwayoyin halitta na waken suya: yadda ake shafa shi da abin da ke kashe shi

Sinadarin gina jiki da yaro ke samu a awara ko kunun waken suya, da naitirojin ake gina shi. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, amma shuka ba ta iya ɗibarsa da kanta. Sai wasu ƙwayoyin halitta masu suna rizobiya sun shiga saiwarta sun yi ƙulli-ƙulli, su riƙa kamo shi suna ba ta. Gonar da ba a saba noma waken suya a cikinta ba sau da yawa ba ta da isassunsu, shi ya sa ake sayo su.

Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana yin wani takin rizobiya mai suna NoduMax, baƙin gari ne. Giram 10 ake sa wa kilo ɗaya na iri, wato ƙunshin giram 100 na kilo 10 ne. A jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi, a bari ya huce, a yayyafa wa irin ya ɗan yi danshi kawai. A zuba garin a juya a hankali har kowace ƙwaya ta yi baƙi, a baza a inuwa ya sha iska, a shuka a ranar, cikin ƙasa mai laima.

Abu ne mai rai, kuma nan ake yawan yin asara. Ƙunshin da ya wuni a rana ko ya wuce wa'adinsa, gari ne kawai. Busasshiyar ƙasa mai zafi na kashe rizobiyar, haka wasu magungunan iri. Wanda kuma ya zuba yuriya da yawa ya hana kansa riba, domin shukar da ta ƙoshi da naitirojin ɗin yuriya ba ta yin ƙullin. Takin zamanin da suke buƙata shi ne SSP, saboda sinadarin fosfaras da ke cikinsa. Takin rizobiya na waken suya kuwa ba na gyaɗa ba ne.

Bayan kamar mako shida, a tono shuka da saiwarta a tsaga ƙulli. Ja-ja a ciki, aiki na tafiya. Fari ko kore, ba ya yi.

Ni dai ina ganin kuskure ne a kwashe ganye da kara ƙaf bayan girbi. Ƙwayar waken ta riga ta tafi da mafi yawan naitirojin ɗin. A bar saura a gonar, ko a dawo da kashin dabbobin da suka ci, masarar baɗi ta samu.