Yadda na nemo wa autanmu mai sauraronsa a Jidda

Kusan shekara biyu muna fama da autanmu a kan kaptagon, wata ƙwayar shaye-shaye mai hana barci, kuma duk dangi babu wanda bai yi masa nasiha ba. Umma ta yi kuka har ta gaji, kawu ya taso tun daga Shari' Mansur a Makka ya zaunar da shi ya yi ta faɗa har muryarsa ta dishe, an yi ruƙiyya, ni kaina na sha tare shi a bakin ƙofa ina cewa kai wai ba ka tausayin Umma ne. Sai ya sunkuyar da kai ya ce Yaya insha Allah na daina, kwana uku a tsakani ka ga idon nan ya dawo, ba barci ba cin abinci sai zirga-zirga da saurin hasala. Abin ya samo asali ne bayan rusau ɗin unguwanni na 2022 da ya tashe mu daga Gulail, abokan da ya tashi da su suka watse, ya kama aikin kai saƙo da mota dare da rana, wani ya miƙa masa ƙwaya wai mai hana barci a kan sitiyari.

Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ce ta ce min ku daina neman wanda zai yi masa faɗa, wannan kuna da su a gida, ku nemi wanda ya iya muƙabala tahfiziyya. Da Hausa ni dai ina kiranta hirar zaburarwa. Wani masanin halayyar ɗan adam ɗan Amurka, William Miller, shi ya fara rubutu a kanta a 1983 daga aikinsa da mashaya giya, daga baya shi da Stephen Rollnick suka faɗaɗa ta suka fitar da littafi a 1991. Tushenta abu ne da duk mai ɗan shaye-shaye a gida ya gani da idonsa, mutumin nan zuciyarsa biyu ce, ɗaya na so ya bari ɗaya na riƙe, to in ka tsaya kana jero masa dalilan bari sai shi kuma ya koma kare ɗaya ɓangaren, yana jin bakinsa na cewa ai ba kullum nake sha ba, ai aiki ne ya sa, har ya ƙara yarda da hakan. Mai wannan hanya tambaya yake yi ya saurara, ya maimaita maka abin da ka faɗa, har dalilin barin ya fito daga bakinka. Wallahi ranar da na fahimci haka jikina ya yi sanyi, don na tuna duk wata muhawara da muka yi a falo shi ne yake kare ƙwayar, mu muka tura shi can.

Neman ne ya ba ni wuya. Da farko tsoro, don Umma ta rantse in aka je asibiti kama shi za a yi, balle yadda aka tsananta yaƙi da ƙwayoyi tun 2023. Amma dokar ƙasar nan ta ce wanda ya kai kansa neman magani, ko danginsa suka nema masa, ba a shigar da ƙara a kansa, da sharaɗin ya miƙa abin da ke hannunsa. Na kira 1955, layin shawara kan shaye-shaye, aka yi min bayani a natse, kuma akwai 937 na ma'aikatar lafiya, sannan ga asibitin Irada wanda mutane da yawa har yau Al-Amal suke ce masa. Auta ya ce shi sam ba zai taka asibitin da za a gan shi ba, don haka muka koma neman iyada, wato ƙaramin asibiti, mai zaman kanta.

Nan na gane ɗabib nafsi daban akhissa'i nafsi daban, na farko likita ne mai rubuta magani, na biyu shi ke zama da kai a yi magana. Wanda muka fara zuwa wajensa mutumin kirki ne amma minti arba'in shi kaɗai yake magana, ƙwaƙwalwa za ta lalace, zuciya za ta tsaya, ka dubi yayarka. Muna fitowa auta ya ce Yaya wannan ai kawu ne sanye da farar riga, bai ƙara komawa ba, ga kuɗin zaman ba kaɗan ba ne ga mai iƙama irinmu.

Daga nan na daina jin nauyi, duk inda na kira sai na tambaya, duktur yana da lasisin hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya? ya yi horo a muƙabala tahfiziyya ko sunan kawai ya sani? sai babbar tambayata, in yaro ya shigo ya ce shi ba ya son bari me za ka yi? Wasu suka ce za mu gamsar da shi. Ɗaya ne ya ce zan tambaye shi me ƙwayar take yi masa da yake so, daga nan za mu fara. Shi na ɗauka.

Ranar farko ma ya tambayi auta ko yana so in zauna, auta ya ce a'a, na fita, raina bai so ba amma na fita. Da Larabci suke hirar, shi haifaffen Jidda ne cikinsa ya fi fitowa da shi fiye da Hausa. A mota da kansa ya ba ni labari, wai mutumin ya ce masa daga sifili zuwa 10 nawa barin nan yake da muhimmanci a wajenka, ya ce 4, yana jiran faɗa, sai mutumin ya ce me ya sa 4 ba 1 ba? Auta ya ce bai san sanda ya fara zuba ba, yadda ya kusa buge wani yaro a hanyar Madina bayan kwana biyu ba barci, yadda yake jin kunyar tsayawa sahun Asuba hannunsa na rawa. Waɗannan maganganu mu bai taɓa gaya mana su ba. Kuma ko shawara mutumin zai ba shi sai ya nemi izini tukuna.

Yanzu zama bakwai suka yi. Ya zame sau ɗaya a wata na biyu, shi ya je ya faɗa da bakinsa, aka haɗa shi da likita saboda matsalar barci da nauyin zuciyar da ke biyo bayan bari. Umma har yanzu in ta gan shi shiru bakinta na motsi, sai in taɓa hannunta in ce Umma ki tambaye shi kawai. Jiya da dare ya leƙo ɗakinta ya ce Umma ki tashe ni ƙarfe tara, ina da mau'idi gobe.