Ƙaramar kyamara tsakanin ƙurar hunturu da fararen kaya

Abokai sukan tambaye ni dalilin da ya sa har yanzu nake yawo da ƙaramar kyamara a aljihu, alhali wayar da ke hannuna tana ɗaukar hoto. Dalilin shi ne zuƙowa. Gilashin kyamarar yana fitowa ya miƙe da gaske, ya jawo abin da ke nesa ninki goma ko fiye ba tare da hoton ya dagule ba, yayin da yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi tsakiyar hoton kawai suke yankowa su faɗaɗa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan cincirindon jama'a a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, yana son kamo adon linzami da naɗin rawanin mahayi, ya san bambancin. Ita ma kyamarar tana da irin waccan zuƙowa ta yanke, kuma gara a shiga saiti a kashe ta tun ranar farko.

Sai dai wannan gilashi mai fita da komawa shi ne wurin da take da rauni. Idan hunturu ya kama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura takan shiga tsakanin zobban da ke turo shi, kuma ƙwayar yashi guda ta isa ta sa ya maƙale, kyamarar ta ƙi kunnuwa. Shi ya sa ba na jefa ta aljihun riga haka nan. Ina sa ta cikin 'yar jaka mai zif, ina kashe ta da zarar dawakai sun tayar da ƙura kusa da ni. Wajen goge gilashin kuwa, a fara hure ƙurar da 'yar robar busa iska kafin a taɓa shi da ƙyalle mai laushi, domin gefen riga karce shi yake yi.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne sha'anin fararen kaya. Kyamara tana auna haske ne bisa zaton cewa abin da ke gabanta tsaka-tsaki ne, ba fari ba, ba baƙi ba. Saboda haka idan farar shadda da babbar riga suka cika hoton, kamar yadda ake gani a filin idi, sai ta rage haske, shaddar ta koma toka-toka, fuskar mai ita kuma ta duhunce har ba a gane kamanninsa. Maɓallin da ke da alamar ƙari da ragi shi ne maganin wannan: a ɗaga shi zuwa +0.7 ko +1, sannan a duba allo a tabbatar aikin da ke wuyan rigar bai ɓace ba. Idan mutum ya sa hula ko rawani da tsakar rana, inuwa takan rufe masa ido, kuma a nan ne filasha take da amfani da rana tsaka, matuƙar ba a wuce mita biyu zuwa uku da shi ba. Mafi sauƙi dai shi ne a roƙe shi ya koma inuwar bishiya ko ta zaure.

Da dare kuwa ba na yi mata dogon buri. Farantin da ke karɓar haske a yawancin irin waɗannan kyamarori bai wuce faɗin milimita 6 da 'yan kai ba, don haka da ISO, wato ma'aunin saurin kama hasken farantin, ya haura 800 hoton yake fara yin tsaki-tsaki, filashar ma ba ta kai wa amarya da ango daga ƙarshen zauren biki. Sony RX100 da ta fito a 2012 ta zo da faranti mai kusan ninki huɗu na wannan a yawan fili, amma kuɗinta ba na kowa ba ne. Dabarata ita ce in ɗora kyamarar a kan tebur ko katanga, in sa mata jinkirin daƙiƙa 2, domin girgizar yatsa ta lafa kafin ta ɗauka.

Batirinta yakan yi hoto 200 zuwa 300 ne kawai, kuma yawan leƙen allo yana ƙara cinye shi, saboda haka batir na biyu wajibi ne ga mai zama inda ba a san lokacin da za a kawo wuta ba. A kasuwa ko cikin unguwa kuma ba na ɗaga ta sai na yi sallama na nemi izini, musamman wajen dattawa da mata, kuma idan na ɗauka nakan juya allon in nuna wa mai hoton, in ya ce a goge sai in goge a gabansa.