Ranar da takin yuriya ya ƙaryata ni a gaban aji

Shekara shida ina koyar da kemistiri a wata sakandare da ke Tudun Wada a nan Kaduna, kuma duk tsawon lokacin nan da misali ɗaya nake buɗe darasin abin da ke sa sinadarai su sauya. Sai in ce wa yara su dubi Kogin Kaduna, ruwa gangare yake bi, ba ya hawa tudu. Haka sinadarai, in ji ni, burinsu su sauke makamashin da ke jikinsu, ya fita a zafi, su huta. Gawayi ya ci wuta ya ba da zafi, fetur ya ƙone ya ba da zafi. Yara su gyaɗa kai, ni kuma in ji na burge. Lissafin Gibbs kuwa da ke gaba a manhaja, wanda ke nuna ko sauyi zai iya faruwa da kansa, hadda nake ba su, su juye wa WAEC da NECO su wuce.

Wata Talata a ajin SS2, wani yaro da ke zama can baya, wanda iyayensa ke noma a wajen Mararrabar Jos, ya ɗaga hannu. "Malam, to takin yuriya fa? In Baba ya sa mu jiƙa shi a bokiti, ruwan sanyi yake yi kamar an jefa ƙanƙara. Kuma da kansa yake narkewa, ba wuta ba komai." Na yi ta kame-kame, narkewa daban ƙonewa daban, har aka kaɗa ƙararrawa ta cece ni. Ya kama ni, shi ma kuma ya sani.

Da yamma na biya Kawo na sayi rabin mudun yuriya. Uwargida tana haɗa sabulun ruwa na sayarwa, saboda haka soda ba ta yankewa a gidanmu. Da na nemi ta ɗiba mini sai ta kafa sharaɗi: "Malam, kar ka kuskura ka sa min ita a tukunyar alminiyam, cinye ta za ta yi. Kuma soda ake zubawa a ruwa, ba ruwa a kan soda ba." Ba ta taɓa shiga ɗakin gwaji ba, amma duka biyun haka suke, har iskar haidurojin mai kama wuta soda ke tasarwa in ta haɗu da alminiyam.

Gwajin farko ya watse. Na zuba cokali ɗaya na yuriya a cikakken bokiti, ma'aunin zafi ko motsi bai yi ba, na fara murna ashe yaron ne ya yi ƙari. Ruwan ne ya yi yawa. Da na auna gram 30 a ruwa mililita 100 cikin kofin roba, ma'aunin ya sauko daga digiri 27 zuwa wajen 16, har bayan kofin ya yi gumi. Soda kuma gram 10 kacal a ruwa daidai wancan ta haura da shi zuwa kusan 50. Littafi ya tabbatar: mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) ɗaya na soda, gram 40 ke nan, yana sakin kusan kilojul 44 na zafi in ya narke, mol ɗaya na yuriya, gram 60, yana zuƙe kusan 15. Ɗaya ya gangara, ɗaya ya hau tudu, kuma ba wanda aka tura.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne ba ni na fara wannan kuskure ba. A ƙarni na 19 manyan masana biyu, Julius Thomsen na Danmak da Marcellin Berthelot na Faransa, sun tsaya a kan cewa zafin da ke fita shi ne ke jan kowane sauyi. Abubuwa irin yuriya ne suka rushe maganar. Rudolf Clausius na Jamus ya raɗa wa ɗaya ƙarfin, wato na bazuwa, suna entirofi a 1865, sannan Josiah Willard Gibbs na Jami'ar Yale a Amurka ya ɗaure biyun a lissafi guda cikin aikin da ya fitar tsakanin 1876 da 1878.

Entirofi ne ya fi ba ni wahalar bayani. Littattafai kan ce hargitsi, sai yara su ɗauka ɗaki ne da ba a share ba. Ni turaren wuta na kawo. Ka sa shi a kasko a lungu, kafin minti biyar ya cika ɗaki, kuma ba a taɓa jin hayaƙin ya tattaru ya koma kasko ba. Babu dokar da ta hana shi komawa, illa dai hanyoyin da ƙwayoyinsa za su bazu a ɗaki sun ninka hanyoyin zama a lungu ninkin da ba ya ƙirguwa. Zuba gero a kan dawa ka girgiza ƙwarya, in dai ba ka tace ba, sun gauraya ke nan. Yuriya a buhu ƙwayoyinta a jere suke, kowace a ɗaure da maƙwabciyarta. A ruwa kuwa sai su sami fili. Ribar wannan bazuwa ta fi kuɗin zafin da ake biya, shi ya sa take narkewa ko da za ta ƙwace zafin daga ruwan da hannun mai riƙe da kofi. Randar da ke tsakar gidanmu ma aikin ke nan take yi tun zamanin kakanni: ruwa ya tsatso, ya bi iska, ya tafi da zafi.

Ranar Alhamis na shiga aji da kofuna biyu, na ce wa yaron ya fito ya riƙe ma'auni. Na faɗa musu a fili cewa misalin kogi rabin gaskiya ne. Sannan na rubuta ΔG = ΔH − TΔS, karo na farko da na rubuta shi ina jin abin da yake faɗa. ΔH zafin da aka saki ko aka zuƙa, ΔS yawan bazuwa, T kuma zafin wurin a ma'aunin Kelbin, shi ne alƙalin da ke cewa maganar wa za a fi ji. In ΔG, wato sakamakon lissafin, ya faɗi ƙasa da sifili, hanya a buɗe take.

Da ƙanƙara muka gwada alƙalin, tunda kowa ya san yadda ake rububinta da azumi. Narkar da mol ɗaya na cin jul 6,010, bazuwar kuma jul 22 ce a kowane digiri. Na ce su raba, don a ga zafin da ΔG ke zama sifili. Suka sami 273, wato sifili a ma'aunin Salshiyas. Ajin ya yi tsit, sai wata ta ce, "Malam, ashe ba haddacewa ake yi ba, fitowa yake yi!" Muka maimaita da dutsen farar ƙasa da ake siminti da shi: kilojul 178, wato jul 178,000, a kan jul 160, ya ba da wajen 1,112 a Kelbin, wato wajen digiri 840 na Salshiyas. Ƙasa da haka dutsen ba ya saurin sakin iskar kabon da ke cikinsa, abin da ya sa kamfanonin siminti a Ashaka da Obajana da Sakkwato ke cin makamashi kamar ba gobe.

Ita wannan yarinya ce ta sake jefo wata: in komai bazuwa yake so, yaya firji ke daskarar da ruwa? Na ce in ta koma gida, in an kawo wuta, ta taɓa bayansa. Zafin da aka zare daga ruwan can yake fita ya bazu a ɗaki, kuma in aka haɗa lissafin ciki da waje, bazuwar ƙaruwa ta yi.

Saura abu ɗaya da na kusa mantawa, sai mai gawayin bakin makaranta ya tuna mini. A lissafin Gibbs, ƙonewar kabon na da ΔG na kusan kilojul 394 ƙasa da sifili a kowane mol, amma buhunansa na jibge cikin iska wata da watanni ba su kama ba. Lissafin izini kawai yake bayarwa, bai ce yaushe ba. Akwai ɗan tudun da sai an tsallake kafin gangaren, ashana ke tsallakar da gawayi, fulogi ke tsallakar da fetur a Keke Napep. Lu'ulu'u ma a lissafi ya kamata ya rikiɗe ya koma irin baƙin da ke cikin fensir, tudunsa ne ya yi tsawo har ba mai ganin hakan a rayuwarsa.

Ragowar yuriyar na ba yaron ya kai wa mahaifinsa. Bayan mako guda ya dawo mini da ƙullin ɗanyar masara da saƙo: Baba ya ce a gaishe da Malam, kuma a tambaye shi me ya sa takin ke dunƙulewa a buhu da damina.