Abin da na koya daga wasiƙar Margrete

Duk wanda ya zauna ajin tarihin Turai ya san yadda ake koyar da shi, wane ya hau wane ya sauka, an gwabza a nan an yi sulhu a can, matan sarakuna kuwa layi ɗaya ake ba su, 'yar wane ce, ta haifi wane, shi ke nan an wuce. Ni dai babban darasin da na samu a karatun nan daga wata wasiƙa na same shi, wadda Margrete matar sarkin Norwe Haakon na shida ta aika wa mijinta wajajen 1370.

An haife ta a 1353, 'yar sarkin Denmak ce Valdemar na huɗu, aka aurar da ita a 1363 tana 'yar shekara 10, auren siyasa zalla. To a wasiƙar nan, tana zaune a fadar Akershus da ke Oslo, yarinya ce da ba ta kai ashirin ba, take gaya wa mijin nata cewa ita da barorinta suna cikin matsi na rashin ci da sha, tana roƙonsa ya sa wani ɗan kasuwa Bajamushe ya yarda ya ba ta kaya bashi. Matar sarki fa! Wallahi abin ya taɓa ni sosai, ga mutane a wuyanta suna jiran abinci, maigida ya yi nisa, baitulmali kuma ba komai, don annobar da ta shigo Norwe a 1349 ta kwashe jama'a masu ɗimbin yawa, gonaki sun zama kufai, haraji ya karye, ciniki kuma yana hannun Jamusawa.

Daga nan na koyi cewa in ana so a san mutum a tarihi sai a bi ƙananan takardu, wasiƙu da lissafin bashi da takardun filaye, a tambaya me suka ci, wa ya ranta masu, wa suke jin nauyinsa. Yanzu ko aikin bincike aka ba ni nan nake fara dubawa kafin in je ga labarin yaƙi.

Kuma in ka karanta wasiƙar sai abin da ya biyo baya ya daina ba ka mamaki. Mahaifinta ya rasu a 1375, ta yi ruwa ta yi tsaki aka naɗa ɗanta Olaf sarkin Denmak yana ƙaramin yaro, mijinta ya rasu a 1380, ɗan nata tilo shi ma ya bi su a 1387, amma manyan ƙasa suka bar mulki a hannunta. A 1389 dakarunta suka kama sarkin Suwidin Albert, a 1397 kuma a garin Kalmar aka haɗa ƙasashen uku ƙarƙashin sarki ɗaya. A ganina macen da ta taɓa roƙon bashin abinci ta san inda ƙarfin sarauta yake, shi ya sa ta dage wajen karɓo filayen sarauta daga hannun masu faɗa a ji da suka mamaye su. Jikan yayarta Erik shi aka naɗa a Kalmar, amma ita ce ke juya al'amura har ta rasu a 1412 cikin jirgin ruwa a tashar Flensburg.